Wasiƙar Reno da aka so ta haye dutse sau biyu

Duk lokacin da ma'aikatan gidan waya a Amurka suka fito da kwalaye suna adawa da rufe wata cibiyar tantance wasiƙu, amsa ɗaya ake jefa musu: zamani ya wuce ku. Wai kowa yana da intanet a aljihu, gidan waya asara yake tafkawa, su kuwa ma'aikata tuwonsu kawai suke karewa. Maganar ta samu gindin zama a bakin 'yan siyasa da masu sharhin tattalin arziki, har ta zama kamar ba ta buƙatar hujja. Abin da ya faru a birnin Reno na jihar Nevada a 2024 ya isa ya sa masu yin ta su sunkuyar da kai.

A farkon shekarar ne hukumar gidan waya ta ƙasa, USPS, ƙarƙashin Louis DeJoy, ta fito da shirin ɗauke aikin tantance wasiƙun da ake aikawa daga Reno, a mayar da shi Sacramento a jihar Kalifoniya. Wato in mutumin Reno ya rubuta wa ɗan'uwansa da ke unguwa ta gaba, sai an loda wasiƙar a tirela, ta yi tafiyar mil 130, a tantance ta, ta sake cin wani mil 130 kafin ta dawo garin da ta baro. Hanyar kuma ba shimfiɗaɗɗiya ba ce. Babban titin Interstate 80 yana ratsa tsaunukan Sierra Nevada ne ta Donner, a tudun da ya haura mita 2,000, inda dusar ƙanƙara kan sa a datse hanya a lokacin sanyi. A farkon Maris na 2024, ana tsakiyar gardamar, guguwar ƙanƙara ta rufe titin kwanaki a jere, manyan motoci suka yi cirko-cirko.

Me ke cikin buhunan da za su kwana a kan dutsen? Akwai magungunan tsofaffin sojoji, domin mafi yawan maganin da ma'aikatar kula da su ke bayarwa ta gidan waya yake zuwa. Akwai takardun kotu masu wa'adi. Akwai kuma ƙuri'u: tun 2021 dokar Nevada ta ce a aika wa kowane mai rajista takardar zaɓensa har gida, ga shi 2024 shekarar zaɓen shugaban ƙasa ce. Kuɗin da hukumar ta ce za ta adana a Reno bai kai dala miliyan 5 a shekara ba, alhali kuɗin shigarta a lokacin ya kusa dala biliyan 80.

Ƙungiyar ma'aikatan gidan waya ta APWU, mai wakiltar kimanin mutum 200,000, ta daɗe tana cewa irin wannan haɗe cibiyoyi jinkiri yake haifarwa. An yi kunnen uwar shegu da ita, sai Atlanta ta ba ta gaskiya. A Fabrairun 2024 aka buɗe katafariyar cibiya a Palmetto da ke kusa da Atlanta a jihar Jojiya, aka tattaro ayyukan cibiyoyi da dama wuri guda. Cikin 'yan makonni wasiƙun da ke isa a kan lokaci a yankin suka faɗo ƙasa da kashi 40 cikin ɗari, direbobin tirela suka riƙa shafe sa'o'i a layi suna jiran a sauke musu kaya. Sai da Sanata Jon Ossoff ya titsiye DeJoy a majalisa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: wanda ya shekara ashirin yana kwana a gaban injin tantancewa ya san ƙarfe nawa motar ƙarshe ke tashi, ya kuma san abin da ke biyo baya in ta makara.

Gaskiya ne wasiƙu sun ragu, daga fiye da biliyan 100 a 2001 zuwa ƙasa da rabin haka. Amma gidajen da dole a kai wa saƙo kwana shida a mako ƙaruwa suke yi, sun haura miliyan 160. Batun asarar ma akwai lauje cikin naɗi. Dokar da majalisa ta yi a 2006 ta tilasta wa hukumar ajiye kusan dala biliyan 5.5 duk shekara domin lafiyar ma'aikatan da za su yi ritaya nan gaba, nauyin da ba a ɗora wa wata ma'aikatar gwamnati ba. Da wannan giɓin aka kafa hujjar rufe cibiyoyi 141 a 2012 da 2013, aka kuma soke isar yawancin wasiƙun cikin gari washegari a 2015. Majalisar da kanta ta janye wannan tilascin a 2022. Duk da haka babban shirin DeJoy na gyaran hukumar, wanda ya yi alkawarin kawo ƙarshen asara a 2023, ya rufe shekarar da giɓin dala biliyan 6.5, ta biye kuma 9.5.

Zargin son kai shi ya fi rauni. Yarjejeniyar APWU ta hana sallamar ma'aikacin dindindin da ya cika shekara shida. Iyakarta a sauya masa wurin aiki. Albashinsa yana nan. Wanda ba shi da yarjejeniya da kowa shi ne dattijon ƙauye mai jiran maganin hawan jini. Kuma da tuwon ma'aikata ne kawai, me zai haɗa Gwamnan Nevada Joe Lombardo ɗan Republican da sanatocin jihar 'yan Democrat, Jacky Rosen da Catherine Cortez Masto, a sahu ɗaya wajen adawa da shirin Reno?

A Mayun 2024 DeJoy ya dakatar da haɗe cibiyoyin bayan matsin lambar sanatoci, a Agusta kuma hukumar ta ce wasiƙun cikin yankin Reno a Reno za a ci gaba da tantance su. DeJoy ya sauka a Maris 2025, amma shirin bai bi shi ba. A 2025 ɗin aka shigo da sabon tsari da ya ɗauke kwasar wasiƙun yamma daga gidajen wayar da suka fi mil 50 nesa da babbar cibiya, duk da gargaɗin hukumar da ke sa ido kan gidan waya cewa mutanen karkara ne za su sha wahalarsa.