Tseren Mota: A Zuba Wa Kowa Mai Daga Duro Guda

'Yan'uwa mazauna Kurmi, musamman direbobi da makanikai na Agege da Idi-Araba da Sabon Badun, yau ku na kawo wa shari'a. Wani ɗan ƙanena da ke koyon kanikanci a Mairi, unguwar nan da ke jikin Jami'ar Maiduguri a kan hanyar Bama, ya bugo mini waya a makon jiya. Wai su samari ne wajen goma suka yi shawarar su daina wasan banza da mota a bakin titi, su nemi fili da izinin hukuma, su riƙa tsere na ƙa'ida. Sun yarda a kan mota iri ɗaya, inji iri ɗaya, taya iri ɗaya. Da aka zo kan mai, sai taro ya watse. Masu hali suka ce kowa ya sha abin da aljihunsa ya iya. Wasu suka ce a'a, a rubuta cewa man gidan mai kawai aka yarda da shi. Shi kuwa yaron nawa so yake a sayi duro guda a zuba wa kowa, har ana yi masa dariya wai talauci ke damunsa.

To, ni dai na bi bayan yaro, kuma ba don jini ba.

Wannan irin tsere ba su suka fara shi ba. A farkon shekarun 1960 aka ƙirƙiro wanda ake kira Formula Vee a Amurka, inda kowa ke gina motarsa da injin Volkswagen, ƙaramar nan da Yarbawa ke kira Ijapa, watau kunkuru, wadda aka soma haɗawa a Ojo nan Ikko a 1975. Daga baya aka yi wani da ƙaramar Mazda, ana ce masa Spec Miata. Manufar duka guda ce: a hana kuɗi yin magana, domin malamin makaranta da ɗan kasuwa su kara, a ga wa ya fi hannu. Kamar dai kamun kifi na Argungu ne, kowa ya faɗa Matan Fada da homarsa da gorarsa. Da za a bar wani ya shiga da jirgi mai inji, ai an tashi daga gasa.

Mai karatu zai ce, to ai fetur fetur ne. Ba haka ba ne, kuma makanikai sun sani. Akwai abin da ake kira oktan, watau ma'aunin juriyar mai kafin inji ya fara ƙwanƙwasa. In oktan ya yi yawa, bakanike na iya matso da lokacin wutar fulogi gaba, inji ya ƙara ƙarfi ba tare da ya yi kuka ba. Akwai kuma mai da ake gauraya wa sinadari irin su etanol, wanda ke ɗauke da iskar oksijin a jikinsa. In an daidaita inji da shi, yakan ƙara ɗan ƙarfi, sai dai mota ta fi sha. Wasu har man ƙananan jiragen sama suke nema, mai oktan 100, wanda akwai dalma a ciki, ga guba ga tsada. Ƙarin da ake samu ba shi da yawa. Amma fa inda motoci goma suke daidai wa daida, ɗan wannan ƙarin shi ne tsawon mota guda a ƙarshen miƙaƙƙiya, shi ne kuma kofi. Saboda haka maganar kowa ya sha abin da ya ga dama ta faɗi tun ba a je ko'ina ba. Wanda ya hana a taɓa inji, kana ya bar tanki a buɗe, ya kulle ƙofar gida ne ya bar katanga a rushe.

Masu cewa man gidan mai kawai, su ne maganarsu ke da kama da gaskiya, su ne kuma nake son mu yi gardama da su. A ƙasashen Turawa haka ƙungiyoyi da yawa suke yi: ka sha a famfo, bayan tsere a ɗebi kaɗan daga tankinka a tsoma na'ura a gwada. Ko a can ma rigima ba ta ƙarewa. A tseren Formula 1 na Brazil a 1995, an soke sakamakon Michael Schumacher da David Coulthard, na ɗaya da na biyu, domin man da aka ɗiba a motocinsu bai yi daidai da samfurin da aka amince da shi ba; sai da aka ɗaukaka ƙara aka mayar musu da makinsu, aka hana kamfanoninsu. A 2021 kuma a Hangari, Sebastian Vettel ya zo na biyu aka ƙwace, don doka ta ce a iya zuƙo lita 1 daga tankinsa a gwada, aka samu lita 0.3 kacal. Waɗannan fa mutane ne masu ɗakin gwaji da lauyoyi.

Mu kuma fa? A nan ƙasar, in an ce man gidan mai, wane gidan mai ake nufi? Wanda ke Ikko a watan Fabrairu na 2022 bai manta ba, lokacin da aka shigo da fetur daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam mai metanol fiye da kima, motoci suka riƙa mutuwa a hanya, layi ya toshe gari. Wannan mai daga famfo ya fito, da rasit ɗinsa. Balle kuma galan ɗin 'yan bumburutu, wanda sai Allah ya san abin da ke ciki. Watau in an kama yaro da mai mai gauraye, ba ka da hanyar da za ka san ko maguɗi ya yi, ko shi ma cutarsa aka yi. Mai gaskiya zai sha kunya, mai wayo kuwa ya samu mafaka: sai ya rantse ya ce haka ya sawo. Sa'an nan su wa za su yi gwajin? Samarin da ke karo-karo kafin su sayi taya ba su da kuɗin na'ura, kuma dokar da ba a iya dubawa tsegumi kawai take haifarwa.

Duro guda ya raba wannan gardama. Ko man nan mai kyau ne, ko mai dama-dama ne, kowa shi ya sha. Lissafinsa ma ba wuya: duro yana cin lita 200 ko sama da haka kaɗan, mota goma, kowace lita 20. Kowa ya zo da tanki a zube, a duba a gaban jama'a, a zuba, a ɗaure murfi da waya a sa hatimi, kada a kwance sai an tashi.

Na san abin da za a ce, don na zauna a ƙungiyoyin 'yan gida a nan Kurmi na ga yadda ake yi da kuɗin taro. Za a ce wanda aka aika sayen mai zai ci riba, ko ya ɓoye wa abokinsa mai kyau. Wannan tsoro yana kan hanya, musamman tun da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haye naira 1,000 a 2024. Kuɗin duro guda yanzu ba abin da za a damƙa wa mutum ɗaya a juya baya ba ne. Amma wannan ciwo ne da aka san maganinsa. A yi ƙuri'a da safen ranar a fid da mutum uku su je tare, a fid da gidan man ma da ƙuri'a, a kafa rasit a jikin allo kowa ya gani, abin da ya yi saura a raba. Satar kuɗin duro ana ganinta da ido. Garwaye a cikin tankin wani kuwa, sai mai ɗakin gwaji.

Abu guda na yarda an rasa: bakanike mai basira da ke son nuna gwanintarsa wajen haɗa mai ba shi da wuri a irin wannan tsere. Ya yi haƙuri. Akwai daidaita birki da iskar taya da lafiyar giya, duk aikinsa ne, kuma a nan ake gane gwani.

Na ce wa yaron su rubuta dokar a takarda kowa ya sa hannu tun kafin su sami filin, tun ba a san motar wa ta fi gudu ba, domin ranar da wani ya ci sau biyu a jere ba za a ƙara jin maganar kowa ba. Ya ce mutum shida sun yarda. Sauran huɗun, ciki har da mai motar da ta fi sabunta, sun ce sai sun yi shawara.