Idan Suna Ya Sauya, Dole Hatimi Ya Sauya

A ranar 27 ga Agusta, 1991, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙirƙiro Jihar Jigawa daga cikin Jihar Kano. Mutanen Birnin Kudu da na Gwaram suka kwana a wata jiha, suka wayi gari a wata, alhali ko tubali ɗaya bai gusa ba. Ofisoshi na nan inda suke, amma hatimin da ke ɗauke da sunan Kano ya tashi daga aiki, tilas aka yi sabo. Dalili kuwa shi ne, wanda aka kai wa takarda ba ya ganin ofishin da ta fito, sunan da ke kan hatimi kaɗai yake dubawa.

Wannan ƙa'ida ita ce ke aiki tsakanin na'urori masu ƙwaƙwalwa. A makaranta ko asibitin da ke da kwamfutoci da yawa, akan keɓe guda ta zama ma'ajiyar sunaye. Ita ke riƙe da sunan kowane ɗalibi ko ma'aikaci, da abin da aka yarje masa ya buɗe. Duk wanda ya buga sunansa da kalmarsa ta sirri a kan wata kwamfuta, ita ake aika wa ta tabbatar da shi. Tsarin wannan tambaya da ake kira LDAP ya fito a 1993, masana daga Jami'ar Michigan ta Amurka kuwa suna cikin waɗanda suka tsara shi.

To, yaya ƙaramar kwamfuta za ta san cewa ma'ajiyar gaskiya ce ke amsa mata? Ta hanyar takardar shaida, bisa tsarin X.509 na shekarar 1988. Takardar tana ɗauke da sunan ma'ajiyar, da mabuɗinta na lissafi, da ranar ƙarewar wa'adi, da sa hannun hukumar da ta bayar da ita. Kafin a miƙa kalmar sirri, sai an gwada sunan da aka kira da wanda ke rubuce. In suka saɓa, sai magana ta tsaya.

A ce wata makaranta a Gwaram ta sake wa ma'ajiyarta suna, ta bar tsohuwar takarda. Kashegari babu mai iya shiga, shugaba kuma yana faɗa. A nan ne wasu masu kula da na'urori kan bi gajeriyar hanya, su umarci kwamfutocin su daina duba suna, nan take aiki ya dawo. Haƙiƙa wannan ganganci ne, domin daga ranar duk wanda ya jona na'urarsa ya yi shigar ma'ajiya zai iya karɓar kalmomin sirrin jama'a, ya kai ga makin ɗalibai ko bayanan albashi. A 2011 an yi wa kamfanin DigiNotar na ƙasar Holan kutse, aka fitar da takardun jabu da sunan Google, aka yi amfani da su wajen leƙen asirin mutane kimanin 300,000 a Iran. Waɗancan sai da suka wahala suka ƙirƙiri takarda. Wanda ya kashe bincike da hannunsa kuwa ya hutar da ɓarawo.

Hanyar da ta dace ba ta da wuya. A shirya sabon mabuɗi da takardar neman shaida mai ɗauke da sabon suna, a aika wa hukuma ta sa hannu. Takarda ɗaya tana iya ɗaukar sunaye biyu, tsoho da sabo, har a gama sanar da kowace kwamfuta. Daga nan a ɗora ta, a sake tayar da ma'ajiyar, a gwada, sannan a soke tsohuwar. Ya kamata a yi wannan aiki lokacin hutu, kafin ranar da ɗalibai za su buƙaci na'urorin.

Tun daga 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta baki ɗaya, saboda haka kowane ɗalibin sakandare yana da ruwa da tsaki a wannan batu. Wajibi ne malamai su koya wa yara karanta gargaɗin da na'ura ta nuna game da takardar shaida, su kuma kai rahoto maimakon danna maɓallin wucewa. Hausawa dai sun ce, wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.