Raddi Ga Mai Cewa Neman Diyya Rashin Tawakkali Ne

 

Akwai wani karatu da ke yawo a wayoyin mutane, na wani malami da nake ganin girmansa, inda ya shawarci waɗanda aka kashe wa ɗan'uwa da ganganci ko da kuskure su bar wa Allah, kada su je kotu, kada su karɓi diyya. Ba zan kama sunansa ba, don maganar ba tasa ba ce shi kaɗai. Ita ake maimaitawa a zaman makoki duk ranar da mota ta take magidanci, ko harsashin jami'in tsaro ya sami mai wucewa.

Malam ya ce wanda kwanansa ya ƙare dole ya tafi, saboda haka mai neman diyya jayayya yake da ƙaddara. Allah ya gafarta Malam, Wanda ya rubuta ajalin Shi ne ya saukar da aya ta 92 ta Suratun Nisa'i, ya ɗora wa wanda ya kashe mumini bisa kuskure kaffara, da diyyar da za a miƙa wa iyalan mamacin, sai dai idan su suka yi sadaka da ita. Da ƙaddara tana goge haƙƙi, ai a kisan kuskure ya fi cancanta ta goge shi, tunda mai kisan bai yi nufi ba. To a nan ɗin ne aka wajabta biya. Lokacin da aka tsinci gawar Abdullahi ɗan Sahlu a Haibara, danginsa suka kawo ƙara, Annabi (SAW) bai sallame su da ta'aziyya kawai ba. Da aka kasa tabbatar da wanda ya kashe shi, sai ya biya su raƙuma 100 daga wajensa, don kada jinin ya tafi a banza. Da rundunar Halidu ɗan Walidu ta kashe mutanen Banu Jazima ba bisa ƙa'ida ba, Sayyidina Ali aka tura da dukiya ya biya diyyarsu. Waɗanda suka karɓa babu wanda ya tuhumi imaninsu.

Sai Malam ya ce ai yafiya ta fi lada. Gaskiya ne. Amma yafiyar wa? A nan ne karatun ya fi yin ɓarna, don diyya gado ce, ana raba ta yadda ake raba duk abin da mamaci ya bari. Sayyidina Umar da kansa yana ganin mace ba ta gadon diyyar mijinta, har Dahhaku ɗan Sufyanu ya sanar da shi cewa Annabi ya rubuto masa ya ba matar Ashyamu Addibabi rabonta daga diyyar mijinta, Umar ya koma kan haka. Labarin yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik da muke karantawa a zaure. Ke nan matar mamaci tana da tumuninta idan akwai 'ya'ya, uwa da uba kowa na da sudusi, sauran na yara ne.

Yanzu a duba wanda ke miƙewa ran sadakar uku, gaban tawagar da ta zo ba da haƙuri, ya ce mun yafe duniya da lahira. Galibi baffan yaran ne, ko wani dattijon dangi, ko mai unguwa. Baffan nan kuwa, matuƙar mamacin ya bar ɗa namiji, ba shi da ko sisi a gadon. Matar tana cikin gida tana takaba, ba wanda ya leƙa ya tambaye ta. Yaran ba su balaga ba, kuma malaman fiƙihu ba su yarda waliyyi ya kyautar da dukiyar maraya ba, ko da a nasa ganin neman lada ne. An yi kyauta da rigar aro, jama'a sun yi kabbara, an watse. Ba ƙaramar dukiya ba ce kuma. Risala ta Ibnu Abi Zaidin ta ƙayyade ta: raƙuma 100, ko dinari 1,000, ko dirhami 12,000. Dinari 1,000 kusan kilo huɗu da kwata ne na zinari. Mai son sanin kuɗinsa ya je wajen 'yan gwal ya tambaya. Kafin shekara ta zagayo, sai ka ga 'yar mamacin da faranti a ka, ƙannenta an cire su daga makaranta, wanda ya yafe kuwa ko buhun masara bai aiko ba. Baligin da ya san girman rabonsa, ya yafe shi ba tare da an kunyata shi gaban jama'a ba, Allah ya saka masa. Rabon maraya kuma ba mai taɓa shi.

Cewa kuɗi ba zai dawo da mamaci ba, ai ba wanda ya ce zai dawo da shi. Rabon gado ma ba ya dawo da shi, kuma ba mu ji Malam ya hana ba.

Hujjar da ta fi taɓa zuciya ita ce ta tausayin direba: talaka ne, ina zai samo? Shari'a ta riga mu tausaya masa. Diyyar kuskure ba a kan mai laifin shi kaɗai take ba, a kan aƙilarsa take, wato danginsa na wajen uba, kuma a cikin shekara uku ake biya. Sayyidina Umar ma ya mayar da ita kan waɗanda suke rajista ɗaya da mutum a diwani. A yau kuma, doka ta hana hawa titi da mota a Najeriya ba tare da inshorar da za ta biya wanda aka kashe ko aka raunata ba, kuma daga Janairun 2023 kuɗinta naira 15,000 ne ga motar gida. Mai ƙyamar inshorar kasuwa saboda saɓanin malamai, ga ta takaful. Sau da yawa wanda yafiyar ke kuɓutarwa ba direban ba ne: kamfanin inshora ne, ko attajirin da ya saki tirela ba birki. Shi kuma ya koyi darasi ɗaya, cewa buhun shinkafa da kwalin lemo sun isa fansar rai.

Daga ƙarshe Malam ya ce ba a cin nasara a kan gwamnati ko babban kamfani, wahala kawai za a sha. Wahala kam akwai, jinkiri ma akwai, wannan ban musa masa ba. Amma "ba a cin nasara" kuskure ne. A watan Satumba na 2013 jami'an tsaro suka buɗe wuta kan masu kwana a wani kango a Apo, Abuja, yawancinsu 'yan Keke Napep, suka kashe mutum 8. Ba a bar wa Allah an zauna ba, an kai ƙara Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa. A 2014 ta yanke cewa a biya iyalan kowane mamaci naira miliyan 10, kowane ɗaya daga mutum 11 da aka raunata miliyan 5. Gwamnatin Tarayya ta biya naira miliyan 135 ɗin a 2018. A Kano kuma, gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi kan yara 200 lokacin annobar sanƙarau ta 1996, inda 11 suka rasu, ya kai ga shari'a a Najeriya da Amurka. Kamfanin bai amsa laifi ba, amma a 2009 ya sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75, kuma a 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowannensu bayan gwajin ƙwayar halitta. Shekara 15 ke nan, kuma taƙaddama kan waɗanda suka cancanta ta daɗe ba ta mutu ba. Da iyayen sun bi karatun Malam, da ko wannan ba a gani ba.

Abin da ya fi kashe ƙarar talaka jinkirinsa ne. Muna gaggauta jana'iza, kuma haka ya dace, amma a karɓi takardar asibiti da ta faɗi sanadin mutuwa, da rahoton 'yan sanda, da lambar mota, da sunayen shaidu tun ranar. Dokar kare ma'aikatan gwamnati ta tarayya wata uku kacal ta bayar a shigar da ƙara a kansu, takabar matar ma ba ta ƙare ba. Ƙarar tauye haƙƙin rayuwa, wanda sashe na 33 na tsarin mulkin 1999 ya tanada, ita ce ƙa'idojin 2009 na shigar da irin wannan ƙara suka cire wa iyakar lokaci. Lauya ne zai tantance wacce ta dace. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a na jiharsa.

Ina roƙon Malam, a majalisin da ya yi wancan karatu, ya buɗe babin diyya na Risala ya karanta wa ɗalibansa, ya kuma gaya wa dattawan dangi cewa ba su da ikon yafe rabon maraya.