Kumburin Ciki Ga 'Ya'yan Karfasa

'Yan'uwa mata, tun bikin kamun kifi na 1934 Argungu ta yi suna, amma kiwon 'ya'yan karfasa a gida sai da lura. In kin ga cikinsu ya kumbura, sun ƙi ci, kashinsu fari kamar zare, to, yawanci abinci ne ya yi yawa, ko ruwa ya ɓaci. Ware marasa lafiya. Hana su abinci kwana 2. Sauya sulusin ruwan. Bayan nan ki riƙa ba su abin da za su cinye cikin minti 5. Dusa mai fumfuna guba ce, zubar da ita. In babu sauƙi, maza nemi malamin dabbobi, kada ki rasa su duka.