Daga Kano zuwa Badagry: Abin da hanya ta koya mana ni da 'ya'yana

Ina neman afuwa saboda rashin ganin wannan fili makonni biyu a jere. Waɗanda suka aiko suna tambayar ko lafiya, na gode, lafiya lau. Hutun ƙarshen zango ne ya samu, na kwashi iyalina a mota muka nufi bakin teku, kuma a kan wannan tafiya nake so mu tattauna yau.

Abin da ya tayar da ni ƙaramar tambaya ce. Wata rana muna cin abincin dare, 'yar autarmu mai shekara 9 ta ce, "Abba, a Kudu akwai masallaci kuwa?" Yayyenta biyu suka yi mata dariya, amma da na juya na tambaye su garuruwa nawa suka sani tsakanin Abuja da Legas, sai kowa ya sunkuyar da kai. Abin ya tsaya mini a rai, domin irin wannan shirun na saba ji a aji idan na tambayi ɗaliban shekarar farko wa ya taɓa haye kogin Kwara. Yaranmu sun san titunan Dubai da Makka ta waya, amma ƙasar da suke riƙe da fasfonta ta zame musu labari. Laifin kuma ba nasu ba ne. Tsoro ne ya ƙuntata musu duniya, mu iyaye kuma muka taya shi.

Uwargida ba ta karɓi shawarar da sauƙi ba. Ta ce, "Malam, jirgi awa ɗaya da rabi ne fa. Me ya yi zafi?" Ba zan ce ba ta da hujja ba. Duk wanda ya tuna harin da aka kai wa jirgin ƙasa na Abuja zuwa Kaduna a watan Maris na 2022, da shekarun da hanyar Birnin Gwari ta gagari matafiya, ba zai raina fargabar uwa ba. Muka yi yarjejeniya: ba tafiyar dare, ba tashi kafin gari ya waye sosai, kuma duk inda la'asar sakaliya ta same mu nan za mu nemi masauki. Mahaifiyata ta ƙara nata sharaɗin, wai in kira ta bayan kowace salla. Tafiyar da ta haura kilomita 1,000 muka raba ta kwana huɗu. Sannu ba ta hana zuwa.

Ranar farko ba ta da baƙon abu. Muka ratsa gonakin shinkafa na Kura, muka wuce Zariya da Kaduna, muka sauka a Suleja. Da yamma na kai yaran gindin dutsen Zuma, suka zaro takardar Naira 100 suna gwada hoto da zahiri. A nan na gaya musu cewa sarakunan garin zuriyar Haɓen Zazzau ne da suka baro Zariya a zamanin jihadi, kuma sunan garin na asali Abuja, sai da aka yanke shawarar gina sabon babban birni a 1976 aka ari sunan. Babban ya yi mamakin a ce Hausawa ne suka sa wa Abuja suna.

Rana ta biyu ce ta gwada mana haƙuri. Daga Lambata muka bi ta Lapai da Agaie zuwa Bida, hanyar da manyan motoci suka mallake. Kwalta ta kan ɓace ta bar jan ƙasa da ramuka, tankokin mai da tireloli su yi jerin gwano. Amma saboda mota ba ta gudu, sai ido ya sami damar gani. Na sa yaran su riƙa lura da itatuwa. Kuka da gawo suka yi ta raguwa, kaɗanya da ɗorawa suka cika daji, kunyoyin gero suka koma tuddan doya, sa'annan can gaba kwakwar manja ta fara leƙowa daga bakin rafuka. Babu wani wuri guda da za ka tsaya ka ce nan Arewa ta ƙare. Ƙasar tana sauya tufafi ne a hankali, yadda wanda ke cikin jirgin sama ba zai taɓa gani ba.

Kafin mu isa Bida bel ɗin injin ya tsinke a wani wuri da babu gida kusa. Na ga fuskar uwargida ta sauya, ni ma gabana ya faɗi, ba zan ɓoye ba. Wani dattijo Banufe da ke dawowa daga gona a kan babur ya tsaya, ya yi sallama da Hausarsa mai karin Nufanci, ya ce, "Alhaji, kada ka bar yara a rana." Ya ɗauki tsinkakken bel ɗin ya tafi, bayan kusan awa ɗaya ya dawo da sabo da bakanike a bayansa, da ƙullin gyaɗa dafaffiya. Kuɗin kaya ya karɓa, na wahalarsa kuwa ya rantse ba zai taɓa ba. Tun daga Kano nake yi wa yara huɗubar su yi hattara da baƙin fuska. Bayan mun tashi na tsakiyan ya ce, "Abba, shi ma ai bai san mu ba." Ban sami abin cewa ba.

A Jebba na rage gudu a kan gada domin su ƙare wa Kwara kallo. Kafin a gina gadar jirgin ƙasa a nan, a kan jirgin fito ake haye da taragai. Muka kwana a Ilorin, inda kiran sallar asuba daga masallatai barkatai ya amsa wa Auta tambayarta ba tare da na ce komai ba. Washegari muka bi ta Ogbomoso da Oyo zuwa unguwar Sabo ta Ibadan, wadda aka keɓe wa Hausawa tun 1916. Mun ci tuwo da miyar kuka a hannun mutanen da kakanninsu aka haifa a nan, masu juya harshe daga Hausa zuwa Yarabanci a jimla guda. Shanu suna gangarowa, goro yana hawa: wannan ciniki ne ya kafa Sabo, shi ya kafa takwararta ta Shagamu da muka wuce a hanyar Legas. Na ji daɗin nuna musu wannan, har na fara jin kamar hanyar duk ta alherin kakanninmu ce.

Badagry ce ta gyara mini wannan tunani. Gari ne na mutanen Ogu, a yammacin Legas, kusa da iyakar Seme da Jamhuriyar Benin. Mun ga gidan benen da 'yan mishan suka gina a 1845, wanda ake yi wa kirari da benen farko a Nijeriya, ko da yake na raɗa wa yaran cewa sorayen ƙasa na Kano da Katsina za su yi gardama. Daga nan ɗan jagora ya kai mu gidan tarihi na iyalin Mobee, inda aka ajiye sarƙoƙi da mari na gaske. Ya bar babban ɗana ya ɗaga sarƙar wuya, yaron ya ajiye da sauri. Sai gidan Seriki Williams Abass, mai ƙananan ɗakuna inda ake tsare bayi kafin jirgi ya zo. Ɗan jagoran ya ce shi kansa Abass bawa ne a da, ya sami 'yanci, ya shiga cinikin, ya kuma zama jagoran Musulmin yankin. Muka hau kwalekwale muka haye tafkin da ya raba garin da tsibirin Gberefu, muka taka da ƙafa cikin yashi, muka wuce rijiyar da ake cewa ana shayar da bayi ruwanta don su manta gida, har muka isa wurin da ake kira ƙofar da ba a dawowa.

A nan suka ga teku karon farko. Na yi zaton za su ruga da ihu. Auta ta riƙe zanen uwarta, ta daɗe tana kallon igiyar ruwa tana dukan yashi, sa'annan ta ce, "Abba, wa ya kawo su nan?"

Amsa mai sauƙi ita ce Turawa, kuma gaskiya ce: jiragensu ne, gonakin rakensu ne, ribarsu ce. Amma Bature bai shiga daji ya kamo mutum daga Gobir ko Borno ba. Hannu da hannu aka riƙa miƙa su, daga fagen yaƙi zuwa kasuwa, daga kasuwa zuwa ayari, ta ƙasar Nufe da Oyo har bakin ruwa a Badagry da Legas da Porto Novo da Wida. Hanyar da ta kai shanu da kanwa ita ta kai mutane. Cikin waɗanda aka sayar akwai Hausawa da yawa. A Bahia ta ƙasar Brazil, Hausawa ne suka kitsa yunƙurin tawayen bayi na 1807, kuma suna cikin Musulmin da suka yi bore a watan Ramadan na 1835, lokacin da hukuma ta tarar da layu da takardu masu rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Lokacin da Baturen nan Clapperton ya tashi daga Badagry a Disambar 1825 zuwa Sakkwato, inda ya rasu a 1827, tafintansa wani Bahaushe ne mai suna Abubakar, Turawa na kiransa Pasko, wanda aka sayar aka ɗora a jirgi kafin sojojin ruwan Ingila su kuɓutar da shi. Shi ya dawo. Dubbai ba su dawo ba.

Cikin waɗanda suka sayar kuma akwai namu. Kasuwanninmu sun yi rumfunan bayi, rinjojin manya sun cika da su, kuma sai a 1936 aka yi dokar da ta kammala soke bauta a Arewacin Nijeriya. Har gobe akwai gidajen da ake fasa aure saboda an binciko "asali". Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Haka na gaya wa yarinyar, daidai hankalinta: mutane irinmu ne suka kawo su, mutane irinmu ne kuma aka kawo. Uwargida ta ce in bari haka nan, mu yi musu addu'a. Muka ɗaga hannu a bakin ruwan.

Na san ba kowa ke da halin irin wannan tafiya ba. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, kuɗin fetur kaɗai ya isa ya hana magidanci ziyarar ƙauyensu, ballantana Badagry. Ba kuma ina kiran kowa ya jefa iyalinsa cikin haɗari ba ne. Mun yi tambaya kafin kowane zango, mun kuma sauya hanya inda aka ce a sauya. Amma akwai hasarar da ba ta shiga lissafin masu ƙidayar ɓarnar rashin tsaro: yara masu tasowa da ba su taɓa cin gyaɗar Banufe ko jin kiran salla a Ilorin ba, waɗanda duk abin da suka sani game da sauran 'yan ƙasa daga zage-zagen Facebook suka samo shi. An kuma shafe shekaru ba a koyar da Tarihi a ƙananan makarantunmu. Wanda bai ga ƙasa da ido ba, bai kuma karanta ta a littafi ba, duk abin da ɗan siyasa ya gaya masa a kanta zai yarda.

Saboda haka kirana biyu ne. Ga hukuma: hanyar Lambata zuwa Bida da Mokwa jijiya ce tsakanin Arewa da tashoshin ruwa, gyaranta da tsaronta hakki ne a wuyanku. Ga iyaye da shugabannin makarantu: wanda bai iya kaiwa teku ba, ya kai yara Gidan Makama ko Gobarau ko Hubbare, ya kuma gaya musu tarihin gaba ɗayansa, har da ɓangaren da ba ya mana daɗin ji.

Mun dawo gida lafiya da kwalba cike da ruwan teku, wadda Auta ta kai wa kakarta tsaraba. Hajiya ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska, ta ce ashe da gaske ne gishiri gare shi. Allah Ya tsare mana hanyoyinmu, Ya jiƙan waɗanda suka bi su ba da son ransu ba. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.