ZIYARAR YINI ƊAYA A LUKSOR: Masar Na Neman Kuɗi, Kaburbura Na Ji a Jikinsu

Kullum da asuba manyan motoci kan taso daga garin Hurgada, a gaɓar Bahar Maliya, cike da baƙi masu yawon buɗe ido, su yi tafiyar kamar awa huɗu cikin hamada zuwa Luksor, tsohon birnin Fir'aunoni da ke bakin Kogin Nilu. A nan za a zagaya da su haikalin Karnak, a haye da su zuwa Kwarin Sarakuna inda tikiti guda ke ba mutum damar shiga kaburbura uku, su leƙa haikalin Sarauniya Hatshefsut, kafin dare kuwa sun kama hanyar komawa.

Gwamnatin Masar ba ta da halin raina wannan ciniki. A shekarar 2024 kuɗin da take samu daga mashigin ruwan Suwez ya ragu da fiye da rabi saboda hare-haren da 'yan Huti na Yaman suka riƙa kai wa jiragen ruwa, kuma a watan Maris na shekarar aka karya darajar fam ɗin ƙasar. A wannan shekarar ce baƙi fiye da miliyan 15 suka shiga ƙasar, hukuma kuwa burinta shi ne su kai miliyan 30. Masarawa sun san sana'ar ba ta da tabbas. Kisan mutum 62 da aka yi a haikalin Hatshefsut a 1997, da juyin juya halin 2011, da faɗuwar jirgin saman Rasha a Sina'i a 2015, kowannensu ya bar otal-otal wayam na wani lokaci.

To, amma kaburburan nan ba domin a shiga aka gina su ba. An fafe su ne cikin dutse, aka toshe bakinsu, busasshiyar iskar hamada ta tsare zane-zanensu shekaru fiye da 3,000. Yanzu kuwa duk wanda ya shiga yana barin numfashinsa da zufarsa da ƙurar takalminsa, danshin ya kama bango, fenti ya soma ɓamɓarewa. Abin da ya ƙara tsananta matsalar shi ne tsarin ziyarar kansa, domin motocin kusan lokaci guda suke isowa, kuma kowa kaburburan da suka yi suna yake nema, alhali kwarin yana da fiye da 60.

Kabarin Tutankamun, wanda Howard Carter ya gano a 1922, sai da masana na Cibiyar Getty ta Amurka suka shafe shekaru goma, daga 2009 zuwa 2019, suna gyaransa tare da hukumomin Masar, suka sa masa na'urar sauya iska da shingen da ke raba baƙi da bango. A 2014 ma an buɗe wani kwaikwayon kabarin a kusa da gidan Carter domin a rage cunkoso. Sai dai wanda ya biya kuɗin jirgi tun daga Turai da wuya ya yarda a nuna masa kwaikwayo alhali na ainihi yana nan kusa.

Akwai kuma batun mutanen Luksor. Baƙon yini ɗaya a Hurgada yake kwana, a can yake kashe yawancin kuɗinsa. Mai keken doki da mai kwale-kwale a Luksor ɗan abin da ya zubo kawai suke tsinta. Mutanen ƙauyen Kurna, waɗanda aka tasa daga kan kaburbura tun daga 2006 da sunan kare kayan tarihi, suna da hujjar tambayar wa aka kare wa su.

Hukuma ta riga ta gwada magani a kabarin Sarauniya Nefartari, wanda aka sake buɗewa a 2016 da tikiti mai tsada da ƙayyadadden lokaci na minti goma. Yin haka a sauran kaburbura zai rage yawan masu shiga, kamfanonin da ke cika motoci daga Hurgada kuwa su ne za su fara kai ƙara wurin ministan yawon buɗe ido, wanda shi ma da yawan baƙi ake auna aikinsa.