Jami'ar Zuru ta fara da wayar da ke aljihun ɗalibi

A shekarar 2020 gwamnatin Muhammadu Buhari ta ɗaga Kwalejin Aikin Gona ta Zuru zuwa Jami'ar Tarayya ta Aikin Gona, shekarar da korona da yajin aikin ASUU na wata tara suka haɗu suka garƙame jami'o'in gwamnati. Tun daga lokacin maganar koyarwa da fasahar zamani ba ta bar bakin hukumomi ba, sai dai da an ambace ta, hankali kan koma ga kwangila: ɗaki cike da kwamfutoci, allon lantarki a bango, a yanka kirtani a ɗauki hoto. A ganin wannan jarida, ba nan gizo ke saƙa ba. Abin da ke kashe wa ɗalibi gwiwa shi ne zama a benci yana kwafar abin da malami ke karantowa, ya haddace, ya amayar ranar jarrabawa. In an ɗora wannan darasin a kan allon lantarki, barcin da ake yi a bayan aji ba zai ragu ba.

Zuru na da abin da manyan jami'o'in birni ba su da shi. Yawancin ɗalibanta sun san fartanya kafin su san biro, a ƙasar da al'adar golmo ta sa saurayi ke shafe shekaru yana noma wa surukansa, bikin Uhola kuma na godiya ne kan amfanin gona. Irin wannan ɗalibi aiki ya kamata a ba shi. A tura shi gonar masara a Fakai ko Sakaba da wayarsa, ya buɗe zuciyar shuka, ya ɗauki hoton ganyen da aka huhhuda da kashin tsutsa mai kama da dusa, alamar tsutsar nan da ta ɓulla a Najeriya a 2016. Ya gwada hoton a manhaja irin Plantix, ya kawo aji a yi gardama ko manhajar ta yi daidai ko ta yi kuskure. Wani rukuni ya ɗauki hasashen damina da NiMet ke fitarwa kowace shekara, ya mayar da shi saƙon murya na minti biyu da Hausa da C'Lela, ya aika wa manoma ta WhatsApp, sannan ya auna ruwan da ya sauka ya kwatanta. Wanda ya san dattijon ƙauyensu zai saurari muryarsa ba zai yi wa aikin riƙon sakainar kashi ba.

Za a ce ina wutar, ina kuɗin data? Tambaya ce mai nauyi. Kebbi a ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na Kaduna take, kuma kowa ya tuna duhun da ya lulluɓe Arewa a watan Oktoban 2024 bayan lalata layin Shiroro zuwa Kaduna. A Janairun 2025 hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari kan kuɗin kira da data. Amma wannan hujja ce da ke goyon bayanmu: ɗakin kwamfuta shi ke mutuwa da an ɗauke wuta, waya kuwa faifan sola ɗaya kan caja da dama, kuma saƙon murya bai cin data kamar bidiyo. Jami'ar Bayero ta samu tashar sola mai megawat 7.1 a 2019 ta hannun hukumar samar da wuta a karkara. Zuru ba ta buƙatar mai girman haka kafin a samu wurin caji da intanet kyauta a ɗakunan kwana, kuma nan ya kamata kuɗin TETFund ya fara sauka.

Akwai masu tsoron cewa waya za ta buɗe ƙofar satar amsa, musamman yanzu da ChatGPT ke rubuta aikin gida cikin ƙiftawar ido. Gaskiya ne, amma tambayar da ake iya kwafar amsarta ce ke cikin haɗari. Babu manhajar da ta san nawa aka sayar da buhun dawa a kasuwar Zuru makon jiya, ko me ya kashe awakin wata unguwa.

Matsalar da ta fi damunmu ita ce tsaro. Hare-haren 'yan bindiga a yankin Danko-Wasagu sun sa babu malami mai hankali da zai kwashi aji guda a mota zuwa daji. A nan ma waya na rage asara, domin ɗalibin da ya je hutu gida zai iya tattaro bayanai daga gonakin bakin gari ba tare da an jefa kowa cikin haɗari ba. Sharaɗin shi ne majalisar jami'ar ta ware wa irin wannan aiki maki na gaske a sakamakon zango, a kuma horar da malamai tare da rage musu yawan kwasa-kwasai, don duba hotuna da saƙonnin ɗalibai ɗari ya fi karanto tsohuwar takarda cin lokaci.